Maki Arba'in da Ɗaya a Atbara

Ammariyya, Jidda
10 ga Fabrairu, 1974

Zuwa ga 'yata Bashira,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da yara. Yaya zafin Atbara? Yaya amaryata Zakiya, haƙoran sun gama fitowa? Mu nan alhamdu lillahi. Uwarki Jamilatu ƙafar ce dai har yanzu, amma tana hawa bene ta sauko da kanta. Kin lura ban tambayi mijinki ba. Da gangan ne.

Takardarsa ta zo ranar Talata. Mutumin da ya zo aikin Hajji watan jiya, ya sauka gidana kwana ashirin, na bar masa ɗakina na koma kwana a kan rufi, shi ne yau yake rubuto mini wai akwai abubuwan da ba su zo daidai ba a labarina.

Ko da mijin naki Othman ya ɓoye miki, ga yadda aka yi. Kin san shekara uku ke nan ina kula da filin kurket na ma'aikatan wani kamfanin gine-gine a hanyar Khumra. Ni ke share shi, ni ke yayyafa ruwa, ni ke shimfiɗa tabarmar da ake wasa a kanta. Injiniyan kamfanin, mutumin Pakistan, shi ya samo mini aikin, bayan ya ji ni a gahawa, wurin shan shayin unguwa, ina ba da labarin wasan Atbara. Bana za su buɗe gasar kofi a watan Afrilu, za su buga ɗan littafi. Ya ce shafin farko nawa ne, da hotona, kuma ni zan jefa ƙwallon farko. Ranar Juma'ar da na kai mijinki filin, Injiniya ya ji cewa a ofishin ajiyar takardun reluwe yake aiki, a Atbara ɗin kanta. Ba wanda ya roƙe shi. Shi ya dafa ƙirji ya ce zai nemo takardar wasan ya aiko, a buga ta kusa da hoton surukinsa. Har daɗi na ji a lokacin, don wauta.

Labarin kuwa kin sha jin sa tun kina ƙarama. Watan Maris na 1938, Turawan reluwe na Atbara za su kara da Turawan Bur Sudan. Zazzaɓi ya kwantar musu da mutane, ba su cika goma sha ɗaya ba, suka duba cikinmu masu gyaran fili suka ɗauke ni. Na shiga an kusa cinye mu. Na ci maki arba'in da ɗaya. Bugu ɗaya na kaɗo shirwa daga sama, ta faɗo matacciya. Bugun ƙarshe kuma ƙwallon ta tsallake katanga ta faɗa taragon jirgin kaya da ke wucewa, sai washegari aka tsince ta a Khartoum. Muka ci wasa. Duk Ammariyya an san wannan. Har samarin da Hausa ba ta zauna musu a baki ba suna bayar da shi da Larabci.

Yanzu wai mijinki yana tambayata ko na tabbata da shekarar. Ko na tabbata da watan. Ko na tuna sunan kyaftin ɗinmu. Sai ka ce ɗan sanda ya kama ɓarawo. Ni da na tsaya a filin nan rana tana dukan ƙeyata zan sani, ko shi da uwarsa ba ta ma yi aure ba a lokacin?

Abin da nake bukata bai taka kara ya karya ba. Layi biyu a takardar ofis, da hatimi, ya ce an duba an ga haka ne. Halas, shi ke nan. Injiniya yana jira, mai buga littafi yana jira. Ke matarsa ce, kin san lokacin da ake yi masa magana ya ji. Ki yi masa.

Ki shafa mini kan yara. Uwarki tana gaishe ki.

Mahaifinki,
Ubale

Ammariyya, Jidda
4 ga Maris, 1974

Bashira,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya. Na ji Zakiya ta yi mura, Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan ba laifi, sai abin da ku kuka jawo.

Takardunku biyu sun zo cikin ambulan ɗaya, taki shafi guda, tasa shafi huɗu. Shafi huɗu, Bashira. Ko ranar da ya zo neman aurenki bai yi mini magana mai tsawon haka ba.

Ya ce ya samo taswirar garin ta wancan zamani, ya auna da zare, tsakanin filin da layin dogo yadi ɗari shida ne, kuma babu ɗan Adam da ya taɓa buga ƙwallon kurket ta yi rabin wannan. Ya ce ya duba jadawalin jirage na watan, jirgin kaya na Khartoum da hantsi yake tashi, wasan kuwa bayan la'asar ya ƙare. Ya ce ya karanta mujallar kulob ɗin tun daga ta farko, ya ga maganar tsuntsu sau ɗaya tak, a 1931, kuma tattabara ce ba shirwa ba, kuma wani likita Bature ne ya buge ta wajen gwaji. Har ya ja layi ƙarƙashin shekarar, wai don in tuna ban iso Atbara ba tukuna. Allah ya saka masa da wannan ladabi.

To ki tambaye shi, wa ya rubuta takardun nan? Ba Turawan ba ne? Mutanen da ba su yarda mu sha ruwa a kofin da suke sha ba, su ne za su zauna su rubuta cewa baƙin mutum mai jan gangar daddale fili ya fitar da su kunya? Jirgi bai taɓa makara ba a Sudan? Shi mai zaman ofis ne, ya ɗauka duk abin da aka rubuta da tawada saukakke ne. Ni na ga yadda ake rubuta su, mai rubutun da gilashin giya a gefensa.

Ke kuma. Kin ce mijinki ba ya ƙarya, ba zai sa hatimin ofis a kan abin da bai gani ba, za a iya korarsa. Madalla. Watau ubanki ne maƙaryacin. Ki faɗa kai tsaye mana, me ya sa kike zagaye? Kin ce yana kwana biyu ba ya cin abincin kirki saboda damuwa. Ya ci mana. Ba shi ne zai shiga gahawa gobe ba.

Bari in gaya miki abin da ba ku lissafa ba, ku masu ilimi. Iƙamata, takardar izinin zamana, a hannun kamfanin nan take, su ne kafilina masu tsaya mini, kuma watan Mayu za ta ƙare. Shekarata sittin. Akwai 'yan Yaman da yawa a bakin ƙofa da za su share filin nan fiye da ni, ba su tari, ba su hutawa. Injiniya bai ɗauke ni don ƙarfina ba. Duk Juma'a in an tashi wasa sai ya kira baƙinsa ya nuna ni, ya ce ga mutumin da ya aika ƙwallo Khartoum a jirgi. Jiya ma ya tare ni, ya ce ya Hajji, ina takardar, yalla, mai buga littafi ya dame ni. Na ce gidan wayan Sudan ne. Sau uku ke nan ina ɗora wa gidan waya.

Sai abu na ƙarshe, kuma ki karanta shi da kyau. Ya ce ya gano tsohon littafin maki na kulob ɗin cikin wani akwati a sito, kuma a shafin wasan akwai sunan Bahaushe biyu, ba ɗaya ba. Ke kuma kika ɗora da tambayar ko Kawu Na'ibi ma ya yi wasan. Na'ibi yayan uwarki ne, ya rasu kina shekara biyu, ba ki san ko kamanninsa ba. Ki bar mamaci ya kwanta. Kada mijinki ya ɗauki hoton shafin nan, kada ya aiko shi, kada sunan nan ya shigo gidana a takarda. Uwarki ba ta da lafiyar da za a tayar mata da abin da ya wuce.

In kuka ƙetare wannan, ki ɗauka ba ki da uba a Jidda. Ban taɓa faɗa miki irin wannan ba, kin sani.

Ubale

Ammariyya, Jidda
26 ga Maris, 1974

Bashira,

Sallama. Muna raye.

Kin iya. Ba ki aiko ta gidan waya ba, don kin san ni ke ɗauko wasiƙu. Kika ba matar da ta zo Umra, kika rubuta sunan uwarki a bayan ambulan, kika ce hannu da hannu. Wannan dabarar ba ta mijinki ba ce, ba shi da wayon. Taki ce. Ni na koya miki rubutu, ga abin da kika yi mini da shi.

Na dawo daga fili bayan azahar na tarar da ita zaune a tabarma, hoton shafin a cinyarta. Ba ta zuba mini abinci ba. Ta ce ita ba ta karanta boko, in karanta mata. Na karɓa. Rubutun Baturen da ke rubuta maki na gane shi tun kafin in sa tabarau. Na karanta mata sunayen Turawa tara, sannan na ce na goma Ubale, arba'in da ɗaya.

Ta dube ni, ta ce, "Sake karantawa."

Na ce abin da ke ciki ke nan.

Ta ce, "Ubale, ranar nan Yaya ya dawo gida kafin magariba, yatsunsa a kumbure. Ni na dafa masa ruwan zafi. Ya ce mana kada wanda ya yi maka maganar wasan, don ya baro ka a bayan sito kana kuka."

Shekara ashirin da bakwai tana jin muryata ta taga ina ba mutane labarin nan a ƙofar gida. Ko tari ba ta taɓa yi ba. Na tambaye ta don me. Ta ce ta ga babu wanda ya san Na'ibi a ƙasar nan, to ko a bakin wani ne, ko da sunan wani ne, a dai riƙa ambaton arba'in da ɗayan nan. Ta ce, "Baki na bar maka. Littafi ban bar maka ba."

Tunda abin da kuke so ke nan, ga shi, ki karanta wa mijinki ya ƙoshi. Mu biyu aka ɗauka. Na'ibi na goma, ni na goma sha ɗaya. Ke ba ki taɓa gane wasan ba, don haka ki sani mutum biyu ne ke tsayawa bugu, kowa da turaku uku a bayansa, in ƙwallo ta kayar da turakunka ka fita. Mutum ɗaya kuma ba ya tsayawa shi kaɗai, in abokin tsayuwarsa na ƙarshe ya fita, wasa ya ƙare. Na'ibi ya shiga ana yi mana dariya. Bai taɓa wasa da su ba, jifa kawai muke yi musu in suna gwaji. Ya tsaya kusan awa ɗaya. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin bugunsa na ranar ba, har yau, kuma na ga 'yan Pakistan ɗin nan da ake ji da su. Turawan da ke shan shayi suka ajiye kofuna suka miƙe tsaye.

Da na shiga saura maki biyu mu ci. Ya tako har wurina ya ce da Hausa, "Jifa ɗaya ce ta rage bugu ya juyo kaina. Kada ka buga, tare kawai. Sauran nawa ne." Na ce to. Da na ga ƙwallon tana zuwa sai zuciyata ta ce me zai hana a miƙe mini tsaye ni ma. Na ɗaga sanda da duk ƙarfina. Iska na buga. Turaku suka watse a bayana. Aka cinye mu da maki ɗaya. Abin da Baturen ya rubuta ke nan a layin ƙarshe, Obali, sifiri.

Na'ibi bai taɓa yi mini gori ba. Bayan shekara biyu ya ba ni ƙanwarsa.

Da muka zo Jidda ina dako a tashar jiragen ruwa, da sunansa na fara ba da labarin, Allah ne shaida. Ina cewa wani yayan matata, sai in ga an juya ana kiran mai shayi. Wata rana na ce ni, aka yi shiru aka matso. Shirwar daga baya ta shigo. Jirgin kuma wani Basudane ne ya ce ya taɓa jin irin haka, na ɗauka na ajiye. Da aka yi shekara goma, wallahi in na rufe ido ina ganin taragon yana wucewa.

Kada ki ɗauka wannan neman gafara ne. Ban nemi gafararki ba, balle ta mijinki. Uwarki ta ba ni zuwa Asabar in kai wa Injiniya hoton, in ba haka ba za ta ɗingisa ta kai da kanta. Kin san za ta yi.

Ubale

Ammariyya, Jidda
22 ga Afrilu, 1974

Zuwa ga Bashira,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da yara duka. Takardunki uku sun zo, na karanta, ban ga abin amsawa a cikinsu ba. Kukan da kika ce kin yi bai rage mini komai ba. Uwarki ce ta matsa in rubuta, shi ya sa.

Na kai hoton ofishin Injiniya. Ya daɗe yana dubawa, har ya ciro gilashin da yake duba zanen gini da shi. Ya ɗora yatsa a layin ƙarshe ya ce wannan kai ne? Na ce ni ne. Ya ce jirgin fa? Na ce babu jirgi. Ya ce tsuntsun? Na ce babu. Ya ce ya rubuta wa mahaifinsa labarin nan a Lahore, tsohon yana ba abokansa. Ya ce mafi mushkila, watau ba komai, amma bai aika a kawo mini shayi ba, kuma tun da na san shi bai taɓa barina in fita ofishinsa baki bushe ba.

Kafin Juma'a magana ta isa Ammariyya, direbobin kamfanin ne suka kawo ta. Na shiga gahawa, Rafi'u tela, wanda shekara ashirin yake jawo mini kujera yana cewa a yi shiru Hajji zai yi magana, shi ya fara ɗaga murya ya ce marhaba da Abu Sifir, watau mai sifiri. Aka fashe da dariya har mai gahawar. Sunan ya bi ni. A kasuwa ma na ji shi daga bakin wanda ban sani ba. Mako biyu ke nan daga fili sai gida. Ki gaya wa mijinki, ya sa a ma'ajiyarsa.

Iƙama an karɓa za a sabunta, shekara ɗaya. Injiniya ya ce babu wanda ya iya ɗaure tabarmar kamar ni. Yanzu in an tashi wasa ba ya kiran kowa ya nuna ni. Ina naɗe tabarma in tafi.

An buɗe gasar ranar Juma'ar da ta wuce. Manajan kamfanin ne ya jefa ƙwallon farko. A littafin babu hotona, shafin Baturen suka buga yadda yake, da sifirina a ƙasa kowa yana gani. Uwarki ta ce sai ta je. Na ɗauko mata tasi, ta zauna cikin matan 'yan Pakistan ƙarƙashin rumfa, ba ta jin yarensu, ba su jin nata. Kafin a fara Injiniya ya karɓi lasifika ya karanta shafin, da Turanci sannan da Larabci. Ya ce Na'ibi, ma'aikacin fili, arba'in da ɗaya, ba a fitar da shi ba. Mutum wajen ɗari uku suka tafa. Ina can gefe riƙe da bokitin farar ƙasa. Na hango ta ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Ta zauna har aka tashi, awa biyar, ita da ba ta san wa ke ci ba.

A hanyar dawowa ta yi maganar da ba mu taɓa yi ba tun da muka sauka ƙasar nan. An gaya miki kawunki ya rasu a hanya. Ba a gaya miki yadda aka yi ba. A 1946 muna Sawakin muna jiran jirgin ruwa, zazzaɓi ya kama shi, likitocin tashar suka tsare shi a inda ake killace marasa lafiya. Jirgi ya zo. Uwarki ta ce mu jira, ni na ce mu tafi, zai biyo na baya. Shi ma ta bayan shingen waya ya ɗaga mana hannu ya ce mu tafi. Bayan wata huɗu wani alhaji ya ce mana ya ji an ce ya rasu. Iyakar abin da muka sani ke nan. Ba mu san ranar ba, ba mu san inda aka sa shi ba, ba mu san ko an sami wanda ya yi masa salla ba.

Ta ce tunda Turawan nan sun rubuta makinsa, ba mamaki sun rubuta mutuwarsa. Ta ce a roƙi Othman. Ni ba na roƙonsa. Ina dai gaya masa ne, tunda tono ya iya, ya ɗauki hutu ya hau jirgi ya tafi Sawakin, ko Bur Sudan, ko duk inda aka jibge takardun tashar, ya nemo Na'ibi ɗan Mahmudu, watan Satumba ko Oktoba na 1946. Ya duba har da rubutun da aka karkatar, don ba su iya sunayenmu ba. Abin da ya samu ya faɗa yadda yake, kada ya gyara ko harafi, ko da a ciki an rubuta cewa 'yan'uwansa sun tafi sun bar shi.

Amsar ya aiko wa uwarki, ba ni ba. Ban shirya ganin rubutun hannunsa da sunana a kai ba, ban kuma san ranar da zan shirya ba. In ta zo zan karanta mata daidai.

Ki gaishe da yara.

Mahaifinki,
Ubale